Miƙa wa Yaya Sanda da Hagu

Ni bahago aka haife ni. Dole in fara da wannan, in ba haka ba abin da ya same ni a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, cikin sanyin shekarar nan zai yi kama da wauta. To wautar ma akwai ta, ba na musu.

Babanmu ya rasu ina ɗan shekara huɗu, yayana yana da goma sha uku. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni ne auta, saboda haka Yaya ya zame mini uba tun gemu bai fito masa ba. Shi ya ɗauki aikin gyara mini hannu. In na kai hagu cikin kwanon tuwo, ranƙwashi. In na miƙa wa babba ludayi da hagu, ranƙwashi biyu. Da ya ga ranƙwashi bai yi ba, sai ya riƙa ɗaure mini hannun ta baya da tsohon ɗankwalin Inna in za a ci abinci, ina kuka yana cewa, "Ci, Auta, wata rana za ka gode mini." Kafin in shiga aji uku na firamare na zama kamar kowa. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, kuma ko a mafarki ba na miƙa wa wanda ya girme ni abu da hagu.

Gudu ma a wurinsa na gani. Duk wanda ya yi makaranta a yankin Kura a shekarun nan ya san Yaya a gudun miƙa-sanda, wanda mutum huɗu ke yi, kowa ya ci mita ɗari ya ba na gaba sanda. Shi ne na uku kullum, mai shan kwana. In ya kwantar da kafaɗa ya shiga lanƙwasar fili, har malamai sukan tashi tsaye. Amma bai taɓa yin gudu a Kano ba. Sau biyu ana shirya su, sau biyu motar da aka yi musu alkawari ba ta zo ba, suka wuni a bakin titi da jakunkunansu suka koma gida.

Shekarar da nake ba da labari, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye, mai ita sai ya hau tudun kanal yana neman sabis, ina da shekara goma sha takwas, Yaya yana da ashirin da bakwai. An sa ranar aurensa bayan an gama tsinkar tumatir. Ya yi wa Inna alkawari wannan ne gudunsa na ƙarshe, don ta ce ba za ta kai wa 'yar mutane miji mai yawo da gajeren wando ba. Gasar jiha kuma ta faɗo ƙarshen sanyi. Ni abu ɗaya nake so a duniya, in shiga filin Kano tawaga ɗaya da Yaya, in yi guduna in sa masa sanda a hannu. Ko mu zo na ƙarshe, oho.

Mai horar da mu tsohon soja ne da ya yi gudu a ƙuruciyarsa, ya yi ritaya ya dawo yana noman albasa wajen Bunkure. Koci muke ce masa. Gajere ne, da usur a wuya da agogon auna gudu a aljihu, kuma ya rantse wannan karon ko a bayan motar tumatir ne sai ya kai mu. Mu biyar ya tara. Da ni, da Yaya, da wani mai acaɓa da ya iya tashi kamar an tsikare shi, da wani dogon Bafillatani da ke zuwa daga rugarsu a ƙafa, sai wani ɗalibi sa'ana ɗan Kadawa. Mutum huɗu ake buƙata, kowa ya san ɗaya zai zauna. A farkon sanyi ɗan Kadawa ne ke zuwa na ƙarshe kullum, don haka ban taɓa sa abin a raina ba.

Da an sallame sallar asuba muke haɗuwa a kan hanyar da ke bisa kanal, miƙaƙƙiya ce kuma ta daddaɓu. Kai, sanyin wurin nan! Yana tasowa daga ruwa ya shiga ƙashi, yatsu su ƙage, haƙora su riƙa haɗuwa. Koci ba ruwansa. Sassarfa tukuna har jiki ya ɗau ɗumi. Daga nan hawa da saukar gangaren kanal sau ashirin. Sai a ɗaura maka igiya a ƙugu ka ja tsohuwar tayar mota, sai tashi daga durƙuso a 'yan ramukan da muka haƙa da fartanya. Manoma masu sammako suna wucewa a keke suna yi mana tsiya. Wani ya ce, "Samari, wa ya biyo ku?" Wani ya ce, "In ƙarfi ya yi muku yawa, ga kwanduna can suna jiran mai ɗauka." Koci yakan ce mu rabu da su. "Gudun da za ku yi a Kano yanzu kuke yin sa," in ji shi. "Ranar gasa sakamako kawai za ku je karɓa." Rana na ɗagowa mu sha koko, kowa ya kama gonarsa.

Wata guda muka yi haka kafin Koci ya fito da sanda. Guntun bututun ban-ruwa ne ya yanko. Ran Asabar ya kai mu filin firamare, ya zana layi da toka, ya jera mu. Mai acaɓa na farko, ni na biyu saboda miƙaƙƙen gudu ya fi karɓa ta, Yaya na uku, Bafillatani na huɗu.

"Ku saurara da kyau," in ji Koci. "Sanda ba ta sauya hannu a wurin mutum ɗaya. Na farko ya riƙe da dama, ya sa a hagun na biyu. Na biyu ya tafi da ita a hagu, ya sa a daman na uku. Na uku ya sa a hagun na huɗu. Da haka ba wanda zai taka ƙafar wani. Kun gane?"

Muka ce mun gane. Ni har murna na yi, na ce yau dai hagu ta yi rana.

Usur ya tashi. Mai acaɓa ya iso ya sa mini sanda a hagu, na cafe, na zura. Ina hango bayan Yaya, ya tashi, na ce "Hannu!" ya miƙo damansa ta baya. Wallahi ban san lokacin da na yi ba. Sai kawai na ga sandar ta koma hannuna na dama, na karkace ina neman tafinsa, na taka masa dunduniya, mu duka biyu muka kife.

Aka yi dariya, ni ma na yi. Aka sake, na sake. Sau shida a ranar. Koci ya ce Yaya ya matsa, ya sa ɗan Kadawa a wurinsa, na miƙa masa da hagu lafiya lau. Ya sa mai acaɓa, haka. Su sa'o'ina ne, da ƙafa ma zan iya miƙa musu. Ya mai da Yaya, hannuna ya sake cin amanata.

"Kai, yaro, aljanu gare ka?" in ji Koci.

Na ce, "Ni ma ban sani ba, Koci."

Bafillatanin nan ne ya gano. Ya ce, "Ladabi ne ke damunsa. Ba zai iya ba yayansa abu da hagu ba."

Aka sake fashewa da dariya, amma Yaya bai yi ba.

Mako biyu ana abu ɗaya. Zan kwana ina ce wa kaina hagu, hagu, in iso bayan Yaya a guje, da na ga tafin hannun nan da na sani tun ina rarrafe, sai jikina ya yi abin da aka koya masa. Sabo turken wawa. Ni kuma zuciyata a kusa take, har yau ban rabu da wannan hali ba. Wata safiya a bakin kanal, bayan na sake yi, wani manomi ya tsaya da kekensa yana ƙyaƙyata dariya, sai na ɗaga sandar na wurga ta tsakiyar ruwa na ce a bar gudun mana, dole ne? Bafillatanin ya tuɓe riga cikin sanyin nan ya shiga ya ɗauko ta, ya fito yana karkarwa, ya miƙo mini ita. Kunyar da na ji ran nan ba ta da misali.

Koci ya bari na huce, sannan ya tara mu. Ya ce ba zai sauya jeri ba, don ba wanda ya kai Yaya a kwana, ni kuma tashina ba shi da kyau balle a mai da ni na farko. "Saura mako biyar," in ji shi. "Asabar ta ƙarshe za a yi gwaji. Za ka miƙa wa yayanka sau uku. Ka sauya hannu ko sau ɗaya, kai ne za ka zauna. In ka tsallake, ku biyar za ku jeru a mita ɗari, wanda ya zo na ƙarshe shi zai zauna. Ba roƙo, ba biko."

A hanyar gida Yaya bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Sai da muka kai gona, muka tsaya bakin fangalin albasa, ya ce, "Auta, miƙo mini fartanyar nan."

Na miƙa.

Ya ce, "Da hagu."

Na tsaya ina kallonsa.

Ya ce, "Ni na ɗaure hannun nan, ni zan kwance shi. Daga yau har ranar gwaji, duk abin da za ka ba ni, da hagu. In ka ba ni da dama ba zan karɓa ba. Na yafe, ba rashin kunya ba ne. Abinci dai ka ci da damanka."

Allah Sarki. Na ɗauki fartanyar da hagu kamar zan yi sata, kaina a ƙasa. Ya karɓa ya ce, "Ka ga sama ta faɗo?"

Haka muka shiga yi. Bututu, hagu. Ɗamin dashen tumatir, hagu. Buta, hagu. Ranar farko da na yi a gida kuwa na sha mari. Inna tana tsakar gida tana turara shinkafar da take kai wa masu injin casa, ta ga na miƙa wa Yaya kofin koko da hagu. Ban ga tasowarta ba, sai ji na yi kunnena ya ɗau ƙara.

"Don ka fara tsawo? Yayan naka?"

Yaya ya durƙusa ya yi mata bayani tun daga farko, har ya ɗauko muciya yana nuna mata yadda sanda ke tafiya daga hannu zuwa hannu. Ta saurara tana riƙe da haɓa. Ta ce, "Yanzu wasan da ake koya wa yaro rashin ɗa'a shi ne kuke tashi da asuba dominsa?" Ya ce na mako biyar ne kawai, Inna. Ta ce, "To ku yi a tsakaninku. Amma in ya kuskura ya miƙo mini da hagu, sai na karya hannun." Ta koma kan tukunyarta, na ga kafaɗunta suna motsi, dariya take yi ba ta so mu gani.

A bakin titi ma, wajen lodin tumatir, wani dattijo ya gan ni na ba Yaya igiya da hagu ya ce 'ya'yan zamani sun lalace. Na buɗe baki zan mayar, Yaya ya taka mini ƙafa, ya ba dattijon haƙuri a madadina.

Da safe kuma, lokacin da sauran ke hawan gangare da jan taya, Yaya sai ya roƙi Koci ya ja ni gefe. Ya tsaya ya ba ni baya, ya miƙo hannu. Da farko a tsaye, sau hamsin. Daga nan a tafe. Daga nan da sassarfa. In na yi daidai ya ce "Yauwa," in na sauya ya ce "Sake," ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Mutumin da ya raine ni da ranƙwashi! Koci ya yi masa magana sau biyu, ya ce, "Kai ma fa kana da naka aikin." Yaya ya ce zai rama da yamma. Da yamma kuwa ga ban-ruwa, ga feshi, ga ginin ɗakin amarya. Ban lura ba. Hankalina duk yana kan hannuna, ban ga cewa ɗan Kadawa yana jan tayarsa da ta Yaya ba, yana ƙara kauri a cinya kullum.

Asabar ta ƙarshe ta zo. Sanyi ya fara sassautawa, alkama ta fitar da kai. Har 'yan kallo muka samu a filin firamare, cikinsu da manomin nan mai keke.

Na farko, na iso na ce "Hannu!" na sa masa ita da hagu, tas, kamar an sa tabarya a turmi. Ya shiga kwana da ita. Na biyu haka. Na uku ban ma san na ba shi ba, sai gani na yi ya yi nisa, ni kuma hannuna wayam. Na faɗi a kan ciyawa ina ihu. Yaya ya dawo yana haki, ya kama kaina ya girgiza, ya ce, "Ɗan banza, ashe ka iya." Koci da kansa ya yi murmushi.

Muka huta, muka jeru mu biyar. Ni a raina an gama, tausayin ɗan Kadawa ma nake ji. Usur ya tashi. Bafillatani ya wuce, na bi shi, mai acaɓa a kafaɗata. Na tsallake layi na juya don in ga Yaya, sai na ga su biyu sun iso tare, ƙirjin ɗan Kadawa yana gaba da abin da bai fi tafin hannu ba.

Koci ya daɗe yana kallon agogonsa, alhali agogo ba shi da abin da zai gaya masa, kowa ya gani da idonsa.

Ni na fara magana, kuma ban yi ta da ladabi ba. Na ce a sake, na ce ɗan Kadawa ya riga usur, ƙarya nake yi kuma na sani. Na ce wa ya iya kwana in ba Yaya ba? Koci ya ce yaron ma ya iya, ya gwada shi. Na ce to ni na fasa, a ba Yaya wurina. Idona ya rufe, ban san me na ƙara faɗa ba, sai da na ji an damƙi wuyan rigata.

"Rufe mini baki," in ji Yaya. "An yi sharaɗi a gabanka ko ba a yi ba?"

Na ce, "Saboda ni ne, Yaya. Da ba ka tsaya koya mini ba..."

Ya ce, "Shekaru ne, Auta. Ƙafa ta yi nauyi." Ya sake ni, ya je ya kama hannun ɗan Kadawa, wanda ya tsaya kamar ya yi laifi, ya ja shi bakin kwana yana nuna masa inda zai sa alama da inda zai kwantar da kafaɗa. Ni na zauna a gindin darbejiya na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba. Ban yarda shekaru ne ba, har gobe ban yarda ba. Mako biyar ya ba ni daga cikin ƙafafunsa, abin da muka samu kuma miƙawa uku ne a filin firamare.

Ranar gasa mota ta zo. Yaya bai bi mu ba. Ya ce ranar ruwanmu ce, in aka bari ta wuce tumatir zai yi mako bai sha ba. Gaskiya ne, amma akwai maƙwabta goma da za su yi masa ban-ruwan da ya roƙa. Na san ba zai iya zama cikin 'yan kallo ba, ban kuma matsa masa ba.

Mun yi gudu. Na sa wa ɗan Kadawa sanda a hannu ba wata wahala. Muka zo na huɗu.

Da la'asar sakaliya na sauka a Kura, ban biya gida ba, na miƙe gona. Na same shi cikin fangali, wando a naɗe, laka har ƙwauri.

Ya ce, "Yaya aka yi?"

Na ce, "Na huɗu."

"Sanda fa?"

"Ba ta faɗi ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya fito ya zauna a kan kunya, ya nuna mini gefensa. "Faɗa mini tun daga farko. Kada ka tsallake komai."

Na ba shi labarin filin, jan daɓe mai laushi da ke mai da ƙafa, fararen layuka da ba toka ba ne, bindigar da ake bugawa a maimakon usur. Ya lumshe ido yana ji. Na faɗi tashin mai acaɓa, na faɗi guduna. Da na iso wurin miƙa sanda sai na tsaya.

Ya ce, "Ci gaba mana. Kwanar fa? Yaya take?"

Na ce, "Faɗi gare ta, Yaya. Ba rami, ba ciyawa. Mutum zai kwanta a cikinta yadda yake so."

Ya ce, "Tana da daɗi ke nan."

Na ce, "Kai ta dace da shi."

Bai buɗe ido ba. Ya ɗora hannu a ƙeyata ya bar shi nan. Muna zaune a haka har ruwa ya cika fangalin ya fara tsallake kunya, muka tashi tare muka tare shi.